Ƙazuwar Ƙafar Kaji: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Maganinta

Filinmu na lafiya da noma zai yi magana yau bisa wata cuta ta kaji wadda ke cikin gidaje da yawa, amma ba a cika kula da ita ba. Cutar ƙafa take kamawa. Ƙwaurin kaza ya yi kauri, ya yi fari-fari kamar an shafa masa farar ƙasa, ɓawon da ke bisansa ya ɗaɗɗaga. Mai kaza ya duba ya ce tsufa ne, ko kuwa kaushi ne irin wanda mutane ke yi lokacin ɗari. Sai a ƙyale ta haka nan, har ranar da za ta kasa tafiya.

Abin da ke kawo wannan ciwo ƙwaro ne mai rai, wanda ke zaune cikin fatar ƙafa. Likitocin bisashe suna ce wa ciwon "gal de pat" da Faransanci, watau ƙazuwar ƙafa. Maganinsa yana cikin kowane gida: ruwan ɗumi, da sabulu, da mai. Abin da ya fi wuyar samu shi ne haƙurin maimaitawa har kwana 28.

Kaza da ƙafa take ci

Ƙidayar noma da kiwo da aka yi cikin ƙasarmu tsakanin 2005 da 2007 ta samu tsuntsayen gida sama da miliyan 12. Fiye da rabinsu kaji ne, sai zabbi ke bi musu. Yawancin kajin nan na ƙauye ne, kuma mata da yara ke kiwonsu. Kaza ce ake yanka wa baƙo. Ita ake kaiwa kasuwa in yaro ya kwanta ciwo, ko in lokacin zubin asusu ya zo babu kuɗi a hannu.

Kazar ƙauye ba a auna mata abinci da tiya. Ana watsa mata ɗan hatsi ko dussa da safe, sauran ita ke nema wa kanta. Tana tona juji, tana tona gindin rumbu, tana neman gara da tsutsa da ƙwayar da ta zube wurin sussuka. Duk da ƙafa take yin wannan aiki. Ƙafa ita ce hauyar kaza. In ƙafa ta lalace, ga asarar da ke biyo baya:

1. Kaza ta rage tono, ta rage ci, ta rame.
2. Ƙwai ya ragu, wani lokaci ya tsaya.
3. Zakara mai ciwon ƙafa ya kasa hawan kaji yadda ya kamata, ƙwai da yawa su zama baragurbi.
4. Kaza ta kasa gudu daga shaho ko muzuru, ta kasa hawa wurin kwananta.
5. A kasuwa mai saye ya ga ƙafar, ya karya mata kuɗi.

Wannan cuta ba ta kashe kaji goma dare ɗaya kamar annobar lokacin ɗari. Sannu a hankali take cin dukiya, shi ya sa ake raina ta.

Wane irin ƙwaro ne?

Ƙwaron ƙarami ne ainun. Ku ɗauki abin auna tsawo na ɗan makaranta, ku dubi tsakanin ƙananan zane biyu da ke kusa da juna. Wannan shi ne milimeta 1. Macen ƙwaron ba ta wuce rabin wannan fili ba, namijin kuwa bai kai ta ba. Ido ba ya ganinsa, sai da madubin likita mai ƙara girman abu. Wasu masana biyu na ƙasar Faransa, Roban da Lanketan, su ne suka bayyana kamanninsa cikin shekara ta 1859. Jikinsa kewayayye ne, ƙafafunsa gajeru ƙwarai. Dangin ƙwaron da ke sa wa mutane ƙazuwa ne, amma kowane da wurin zamansa. Na kaza ba ya zama a jikin mutum.

Ƙafar kaza tana rufe da ƙananan ɓawo masu kwance bisa juna, kamar na kifi. Ƙwaron yana shiga ƙarƙashin ɓawon nan, ya haƙa rami cikin fata, ya yi ta ci yana haihuwa a ciki. Daga haihuwarsa zuwa girmansa kamar sati 2 ne. Duk rayuwarsa a jikin tsuntsu yake yin ta. Fatar da yake ci tana ƙaiƙayi, tana fid da ruwa. Ruwan nan ya haɗu da mataccen fata ya bushe, ya zama gari-gari fari. Shi ke taruwa yana ɗaga ɓawo sama. Da tafiya ta yi nisa sai ya daskare, ya zama kamar busasshen laka ya manne wa ƙafa.

Ban da kaji, yana kama talo-talo da wasu tsuntsaye. An fi ganinsa ga manyan kaji da suka shekara. Dalili kuwa shi ne ciwon yana ɗaukar watanni kafin ya bayyana sosai. Wannan ne ya sa mutane ke ɗora wa tsufa laifi.

Yadda yake yaɗuwa

Ƙwaron ba ya tashi, ba ya tsalle. Rarrafe yake yi daga ƙafa zuwa ƙafa in kaji sun matsu da juna. Wurin kwana ne babbar hanyarsa: cikin akurki, ko bisa sanda ɗaya, ko reshe ɗaya. Uwa tana ba ƴan tsakinta lokacin da take rufe su. Ɓawon da ya ɓamɓare ya faɗi cikin akurki ko wurin kwanci shi ma yana iya ɗauke da ƙwari.

Akwai kuma hanyar kasuwa. Ku dubi yadda kaji ke isowa Kasuwar Dole ta Damagaram ranar Alhamis, ko kasuwar Tawa ranar Lahadi, ko ta Maraɗi Litinin da Jumma'a. An ɗaure ƙafafunsu wuri ɗaya, an rataya bisa moto ko amalanke, ko an cusa su cikin kwando ɗaya. Kaji na garuruwa dabam-dabam suna yini ƙafa na gugar ƙafa. Wanda ya sayi kazar kiwo ya sake ta cikin nasa ran nan, yana iya sayen ciwo da kuɗinsa.

Yadda ake gane ciwon

Ku kama kaza, ku riƙe ta cikin haske, ku shafa ƙwaurinta da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Lafiyayyar ƙafa santsi gare ta, tana ɗan ƙyalli, ɓawonta a kwance yake. Ko tsohuwar kaza ce, in tana da lafiya, ɓawon yana iya yin kauri amma ba ya ɗagawa.

Ciwon yana da mataki uku.

Mataki na farko: ɓawo ya fara ɗagawa, galibi bisa yatsu da ƙasan ƙwauri. Ƙyallin ƙafa ya tafi. In an kankara kaɗan da akaifa sai a ga gari fari ƙarƙashi. Kaza tana yawan saran ƙafarta da baki. A nan magani ya fi sauƙi.

Mataki na biyu: ƙafa ta yi kauri, ta yi gurji-gurji, fari ko toka-toka. Ciwon ya hau har kusa da inda gashi ya fara. Yawanci ƙafa biyu yake kamawa. Kaza tana ɗaga ƙafa ɗaya tana tsayawa bisa ɗaya, tana yawan kwanciya da rana.

Mataki na uku: ɓawon ya tsage, jini ko mugunya na fita. Kaza tana ɗingishi. Yatsu sun karkace. Wani lokaci jini ya daina kaiwa ga yatsa, ya bushe ya faɗi. Yatsan da ya faɗi ba ya komowa.

Kada a haɗa shi da waɗannan

Ba kowane ɗingishi ba ne ƙazuwa. Kafin a fara magani, a duba da kyau.

In kumburin yana ƙarƙashin tafin ƙafa, da baƙin tabo a tsakiya, ƙurji ne. Ƙaya ko ƙusa ko fasasshiyar kwalba ta soke ta. Wannan aikin likitan bisashe ne.

In yatsa ɗaya ne ya kumbura, a duba ko zare, ko gashin kitso, ko zaren buhu ya naɗe shi. Yana yawan faruwa ga kajin da ke tona juji. A yanke zaren a hankali.

In ƙuraje suna bisa zanko da fuska da gefen ido, agana ce ta kaji, wadda sauro ke taimakon yaɗawa.

In an ga ƙananan abubuwa baƙaƙe sun lanƙwame kewayen ido da zanko, ƙuma ce. In ƙwari suna gudu cikin gashi, ƙeya ce. In kaji suna ƙin shiga akurki da dare, a duba tsagar bango da fitila. Kaskar kaji da wasu jajayen ƙwari suna ɓoyewa can da rana, su fito shan jini da dare. Duk waɗannan ido yana ganinsu. Ƙwaron ƙazuwa shi ne ba a gani, sai aikinsa.

In ana shakka, ma'aikacin kiwo yana iya kankare ɗan ɓawo a duba da madubin likita.

Gargaɗi: in kaji suna mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan wata cuta ce dabam. A sanar da ma'aikatan kiwo nan da nan, kada a ci, kada a kai kasuwa. Mutanen Magarya ba su manta da murar tsuntsaye ta shekarar 2006 ba.

Kayan aiki

- ruwan ɗumi cikin ƙaramar roba
- sabulun wanki na sanda
- tsohon buroshin haƙori ko soso mai taushi
- tsumma mai tsabta
- man gujiya, ko wani man girki, ko man kaɗe
- basilin, wanda ba a sa wa turare ba
- littafi da alƙalami

Me ya sa mai? Ƙwaron ba ya da hanci. Ta fatar jikinsa yake shan iska. In mai ya shiga raminsa ya lulluɓe shi, sai numfashinsa ya yanke. Kuma mai yana tausasa busasshen ɓawo, ya faɗi da kansa.

Yadda ake yin magani

A yi aikin da marece, lokacin da kaji suka shiga kwana. Sun fi sauƙin kamu, rana ba ta da zafi, kuma man zai kwana a ƙafa kafin rairayi ya share shi da safe. Mutum biyu suka fi: ɗaya ya riƙe, ɗaya ya yi aiki.

1. A taɓa ruwan da bayan hannu. Ɗuminsa ya zama irin na wankan jariri. A sa sabulu ya yi kumfa.
2. A tsoma ƙafafun kaza kaɗai, minti 5 zuwa 10. Kada a jiƙa mata gashi, balle lokacin ɗari.
3. A goge da buroshi sannu-sannu. Abin da ya fita da kansa ya fita. Abin da ya ƙi, a bar shi.
4. A tsane ƙafar da tsumma har ta bushe.
5. A shafa mai daga yatsu zuwa sama, don ya shiga ƙarƙashin ɓawo. A bi tsakanin yatsu. A kai har inda gashi ya fara. In ƙafar ta yi kauri ƙwarai, a zuba mai cikin ƙaramin gwangwani a tsoma ta ciki.
6. A bi da basilin bisa man, a rufe ƙafar duka. Basilin ya fi daɗewa bai goge ba.
7. A zubar da ruwan wankin cikin rami, nesa da inda kaji ke kiwo. Man da aka tsoma ƙafa a ciki kada ya koma wurin girki.
8. A wanke hannu da sabulu.

Wanda ya samu farar wuta yana iya ƙara wa maganin ƙarfi. A daka ta ta yi laushi kamar gari. A haɗa awo 1 na farar wuta da awo 9 na basilin, a cuɗa sosai. A shafa ga ƙafa kaɗai. A kiyaye idon kaza da idon mai shafawa, a aje sauran inda yara ba su kaiwa.

Shafa ɗaya ba ta isa ba

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Sun shafa sau ɗaya ko sau biyu, ƙafa ta yi laushi, sai su ce ta warke. Bayan wata biyu ciwo ya komo, su ce mai ba ya magani. Shafar farko tana kashe ƙwarin da ke kusa da sama. Waɗanda suka nutsa ƙarƙashin ɓawo mai kauri suna nan, suna ci gaba da haihuwa. Tun da ƙwaro yana girma cikin kamar sati 2, sai a riƙe magani sati 4, don kada a bar wani ya kai ga haihuwa.

A shafa mai duk bayan kwana 3. A yi wanki da sabulu sau ɗaya cikin sati. Ga ranakun shafawa:

1 – 4 – 7 – 10 – 13 – 16 – 19 – 22 – 25 – 28

Sau 10 ke nan. Ku kwafe waɗannan lambobi cikin littafinku. Ku rubuta ranar da kuka fara, da yawan kajin. Duk ranar da kuka shafa, ku ja layi bisa lambarta. Ga wurin da karatunmu ke yi mana rana: kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

Mu yi lissafin man. Ƙaramin cokali ɗaya, irin na shayi, ya ishi ƙafa biyu in shafawa ake yi. Mai kaji 10 zai ɓad da cokali 10 kowace shafa. Sau 10 ya zama cokali 100. Cokali 100 kuwa kamar rabin lita ne. Kowa ya kwatanta kuɗin rabin litar mai da kuɗin kaza ɗaya a kasuwar garinsu, ya ga wanda ya fi.

A yi wa kajin gida duka, har waɗanda ƙafarsu ke da santsi. Waɗanda suka kwana tare da mai ciwo suna iya ɗauke da ƙwaron bai nuna ba tukuna. Waɗanda ciwonsu ya yi tsanani a ware musu wurin kwana, a aje musu abinci da ruwa kusa. A ƙara musu dussa, da gara, da ganyen zogale, don su mai da jiki.

Alamar samun sauƙi ita ce kaza ta daina saran ƙafa, ta koma tono, ɓawon ya riƙa faɗuwa, sabuwar fata mai taushi ta bayyana. Ƙafar ba ta yin santsi cikin kwana 28. Sabon ɓawo yana ɗaukar watanni kafin ya cika, kuma wadda ciwonta ya daɗe tana iya zama da tabo. Sannu ba ta hana zuwa.

A kula da kaza mai kwanci

Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ɗan tsakon da ke ciki yake shan iska. In mai ya shafi ƙwai sai ƙofofin su toshe, ɗan tsako ya mutu. Don haka kada a shafa wa kaza mai alhali tana kwanci. A jira ta ƙyanƙyashe. Bayan ƙyanƙyasa a shafa kaɗan-kaɗan, a goge abin da ya yi yawa, don kada gashin ƴan tsaki ya jiƙe.

Wannan magana ta shafi masu zabbi ƙwarai. Da damina zabbi ke yin ƙwai, kuma kaza ake sa wa ta kwanta bisansu, kwana 26 zuwa 28. Wanda ke son zabbi ya duba ƙafafun kajinsa tun bazara, cikin watan Afrilu ko Mayu. Ya gama magani kafin ruwa ya sauka. In ya bari sai kaza ta hau ƙwai, ya makara da wata guda, kuma aikin gona ya riga ya ɗauke masa hankali.

Abubuwan da ba a yi

Kada a ɓamɓare ɓawo da wuƙa ko reza ko akaifa. Ƙarƙashinsa ɗanyen nama ne. Jini zai fita, ƙwayoyin cuta su shiga, sauran kaji su ga ja su bi ta da sara.

Kada a tsoma ƙafa cikin kananzir, ko man fetur, ko gazuwal, ko baƙin man da aka juye daga inji. Gaskiya ne suna kashe ƙwaro, amma suna ƙone fata, suna shiga jiki ta wurin tsaga, kuma kaza tana sa baki ga ƙafarta. Man gujiya yana yin aikin ba tare da wannan ɓarna ba.

Kada a yi aiki da piya-piya, ko maganin feshin wake da na garka. Guba ne ga kaza, ga mai shafawa, ga mai cin ƙwai. Ko ƙasashen da suka ci gaba sun ga illar irin wannan ganganci. Cikin shekara ta 2017 an gano an fesa wani maganin ƙwari mai suna fifronil cikin gidajen kaji a Holan da Beljiyam, alhali an hana aiki da shi ga kajin da ake ci. Maganin ya shiga ƙwai. Sai da aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai.

Kada a ƙona ƙafa da wuta ko ruwan zafi.

Maganin likita

Akwai magani mai ƙarfi da ake kira ibermektin, wanda makiyaya suka sani da sunan Ivomec. An fara sai da shi don bisashe cikin 1981. Irinsa na mutane shi ne ake rabawa don yaƙi da makantar kogi, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da ita cikin watan Janairu na 2025. Yana kashe ƙwaron ƙazuwa ta cikin jini, kuma likitoci suna aiki da shi in ciwo ya yi tsanani.

Amma ku dubi awonsa. Na allurar shanu, mililita 1 ake yi wa nauyin kilo 50. Kazar ƙauye kuwa ba ta cika wuce kilo 1 ko 1 da rabi ba. Watau abin da ake yi wa ɗan maraƙi mai kilo 50 ya ishi kaji wajen 40. Rabon kaza ɗaya bai kai ɗigo ɗaya cikakke ba. Wa zai auna wannan da ido? Bayan haka, maganin yana fita cikin ƙwai, kuma ba don kaji masu ƙwai aka tsara shi ba. Likitan bisashe ne zai auna, ya faɗi ranar maimaitawa, ya faɗi yawan kwanakin da za a yi ba a ci ƙwai ko nama ba. Kada a saye shi a tebur cikin rana. Na jabu ya yi yawa, kuma zafi yana lalata magani.

A nemi likita ko mataimakinsa na ƙauye in ƙafa tana mugunya ko wari, in yatsa ya yi baƙi, ko in an cika kwana 28 ba a ga sauƙi ba.

Gyaran wurin kwana

Ranar da aka fara magani, ran nan za a gyara akurki. A share kashin kaji da gashi da tsohuwar ciyawa. A ƙone shimfiɗar wurin kwanci, a sa sabuwa. A kankare sandunan kwana, a zuba musu tafasasshen ruwa, su bushe a rana, a shafa musu mai. In sun tsufa sun tsattsage, a sa su wuta a sake wasu. A liƙe tsagar bango da laka, a shafe da farar ƙasa. Akurkin da ake iya ɗagawa a kifar da shi cikin rana yini guda. Daga nan a riƙa shara sau ɗaya cikin sati. Kashin kaji taki ne mai ƙarfi, a kai shi ramin taki.

A aje wa kaji wurin birgima a inuwa, rairayi haɗe da toka. Yana rage musu ƙeya. Amma toka ba ta kaiwa ƙarƙashin ɓawo, don haka ba ta maye gurbin mai.

Rigakafi ya fi magani

Kafin ku biya kuɗin kazar kiwo, ku juya ta ku dubi ƙafa, ku shafa. In kun kawo ta gida, ku ware ta sati 2 zuwa 3. Ku wanke mata ƙafa ku shafa mai tun ranar farko. Wannan warewa tana kuma tsare gida daga cututtukan da suka fi ƙazuwa muni. Zakaran aro da kazar kyauta su ma haka.

Ku sa rana ɗaya cikin wata ta duban ƙafafu. Yara suna iya wannan aiki in an nuna musu.

Kajin ƙauye ba su san iyakar gida ba. Naku suna shiga gidan maƙwabta, nasu suna kwana bisa iccenku. In gida ɗaya ya yi magani sauran suka bari, ciwo zai komo. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara cikin jihar Maraɗi a 1991, suna taruwa kowane sati. Wurin taron ana iya sa rana ɗaya ta fara magani ga unguwa duka. Ana iya haɗa kuɗi a sayi babban gwangwanin basilin a raba. Wadda ta iya rubutu ta riƙe lissafin ranaku.

Ana cin naman? Ana cin ƙwan?

In mai da basilin kaɗai aka shafa, ƙwai da nama lafiya lau suke. In an yanka kazar, a yanke ƙafafun a ƙone ko a binne. Tsohuwar kaza da ta rasa yatsu, ta daina ƙwai, gara a yanka ta tun tana da sauran nama. Wanda zai sai da mai ciwo ga mai son kiwo ya gaya masa gaskiya. Addini ya hana ɓoye aibin abin sayarwa.

Ƙazuwar kaza ba ta kama mutum. In yaro yana susa da dare, da ƙuraje tsakanin yatsu, ƙazuwar mutane ce, daga mutum ya ɗauko ta. A kai shi likita, kada a shafa masa maganin bisashe.

Mu tattauna a wurin karatu

1. Kaji nawa ke gidanku? Nawa ne ƙafarsu ke da santsi, nawa ne ɓawonsu ya ɗaga? Ku duba yau da marece ku rubuta.
2. Me ya sa ake maimaita shafa mai har kwana 28?
3. Me ya sa ba a shafa wa kaza mai kwanci?
4. Mai kaji 6 cokali nawa na mai zai ɓatar cikin shafa 10?
5. In kun fara magani ranar 3 ga wata, wace rana za ku yi shafa ta biyu, wace rana ta uku?

Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai samu shiga karatu ba tukuna. Allah ya sa albarka cikin kiwonmu, ya ba mu damina mai kyau.